Goyon Tsoho a Bayan Babur

Litinin, 2 ga Yuni
Yau aka fara gashin hannuna na hagu da ya shanye. Jikata ce ta kai ni asibiti a babur ɗinta, ita da nake kira Direba. Babanta ya bugo waya tun da safe: in zuwa asibitin ya gagara, zai zo ya ɗauke ni in koma gidansa. Can saman bene, ko tsakar gida babu. Na ce ba zai gagara ba. A ɗakin nan kakarta ta rasu, a nan nake so in zauna.

Ta kifa mini hular kwano mai ƙamshin man kitso. "Angona, riƙe ni." Na ce ban taɓa riƙe mace a titi ba, ba zan fara da tsufa ba. Na kama ƙarfen baya da hannun dama. Duk ramin da muka wuce sai da ƙashin bayana ya gaishe shi.

Alhamis, 5 ga Yuni
Gudu take kamar an biyo ta. Na ce ta rage, wai iska ta hana ta ji. Amma da na ce ƙasa-ƙasa ga wani saurayi can yana kallonta, sarai ta ji.

Litinin, 9 ga Yuni
Wajen sauka ƙafata ta taɓa salansar babur, ta ƙone. Ko tari ban yi ba, na ja wando na rufe. In ta gani, babanta ya ji.

Talata, 10 ga Yuni
Ƙunar ta yi ruwa. Ba wanda ya shigo yau. Ni da rediyo.

Alhamis, 12 ga Yuni
Sabon maganin nan yana sa ni barci. A hanyar dawowa gyangyaɗi ya ɗauke ni, ta kauce wa wani kududdufi, hannuna ya saki ƙarfen. Na ga kwalta tana taso mini. Ban san yadda ta miƙo hannu baya ta damƙi rigata ba. Da muka tsaya wandon ya ɗage, ta ga ƙunar.

Ba wasa ko ɗaya a fuskarta. "Kaka," ta ce, kuma sai ranta ya ɓaci take kira na haka, "ko in gaya wa Baba, ko ka bi dokata." Ta durƙusa ta wanke mini ciwon. Na ce na bi.

Litinin, 16 ga Yuni
Ashe dokar ke nan! Ta buɗe akwatin marigayiya ta ɗauko tsohon majanyin nan mai ratsin shuɗi. Na hau, ta zagayo da shi ta bayana, ta ƙulle a cikinta tamau. "Da shi aka goya ni, yau na rama."

Mai faci na bakin layi har ya ajiye tayar da yake gyarawa. "Direba, yaushe za a yaye yaron?" Ta ce, "Sai ya yi haƙori." Layi ya ɗauki dariya. Ni da na koyar da rabinsu karatu. Na ja hular kwano na rufe ido har asibiti.

Alhamis, 26 ga Yuni
Ƙullin yana matse mini haƙarƙari, ƙura kuma ta cika mini baki. Amma bayanta da ɗumi. Tun rasuwar kakarta ba wanda ya taɓa jikina sai don magani. Na yi barci a hanya, ba ta tashe ni ba. Ina jin ma doguwar hanya ta bi.

Alhamis, 17 ga Yuli
Likitar gashi ta ba ni hannunta ta ce in matse. Na matse har ta ce wash. Wai hannu ya dawo, an sallame ni. Maganar bene ta mutu ke nan, alhamdu lillahi.

A waje Direba ta tambayi abin da aka ce. Na ce da saura. Na saki hannun yana lilo, ta ɗaure ni. Kusa da gida muka faɗa wani rami, na rungume ta da hagun ban sani ba. Sai ta ce, "Angona, shanyayyen hannun nan naka akwai ƙarfi." Da za ta tafi ta ce Litinin in shirya da wuri, ba ta ce ina za mu ba.

Na wanke majanyin da hannu biyu. Hadari ya haɗo, sai na baza shi a ɗaki, kada ya ƙi bushewa.