Babur ɗin Malam Haruna

Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Kaduna, ya Hajiya da yara? Mu nan Daudawa lafiya lau.

Littattafan zanen da ka aiko sun iso. Na raba wa 'yan aji bakwai, na ce kullum kowa ya zana abin da ya burge shi, ya rubuta dalili a ƙasa. Jiya na duba, shafi bayan shafi sabon babur ɗin Malam Haruna ne, malamin lissafi. Ya leƙo ya ce, "Malam, yaranka sun ƙware!" Na yi yaƙe kawai. Kekena ko mutum ɗaya bai zana ba. Wallahi abin ya ci mani rai.

A taya ni addu'a, Allah ya raba ni da hassada. Gaida Baba Idi. Ka kuma tambayo mani kuɗin babur a can.

Ƙaninka,
Lawal