Kujerar Baba

Maisandari, Maiduguri

Zuwa ga Yayana Sa'id,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Anti Muhsinat da yara, Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a can Fatakwal. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har tana fita barka da ta'aziyya. Na zaɓi in rubuto ne don in na kira ka a waya bakina ba zai iya faɗa ba, kuma gara ka ji daga gare ni kafin wani ya kai maka.

Ka san halina da gardama. Tun da aka cire tallafin mai nake ta faɗa a majalisa cewa daidai aka yi, a bar kasuwa ta yi halinta, hukuma ta daina sa baki a kuɗin mota, ta kuma rage harajin nan da ake tatsar direbobi a tasha da kan hanya, rasit kan rasit. Har wani gidan rediyo suka gayyace ni na yi bayani, na dawo kai ya kumbura, abokai suna ce mini farfesa. To, da wannan kan na waiwayi motar da Baba ya bar mana, mai zuwa Potiskum. Ka tuna kujerar bayan direba, wadda Baba bai taɓa sayarwa ba, ya bar ta don tsoho ko maras lafiya ko wanda ya zo hannu rabbana? Na kira direbanmu Ajimi na ce daga yau babu kujerar kyauta, kowa ya biya. Ya tambaye ni ko har da 'yan gida, na ce ai da su nake. Wallahi haka na faɗa, har ina nuna shi da yatsa, kuma ban sanar da kowa a gida ba.

Ranar Laraba Gwaggo Aisa ta taso daga unguwar Fezzan da sassafe za ta suna, don 'yarta Zainaba ta haihu a Potiskum. Ta riƙo turaren wutar da ta yi kwana uku tana haɗa wa mai jego, ta shiga ta zauna inda ta saba zama shekara talatin. Ajimi ya durƙusa ya gaya mata umarnina, fasinjoji suna ji. Ba ta fito da kuɗin mota ba, kuma don me za ta fito da shi, motar yayanta ce? Damian mai sayar da kayan gyaran mota, wanda ya riga ya biya kujerar, ya ce ta yi zamanta, shi zai jira ta gaba. Ta yi masa godiya, ta ce ba za ta zauna a motar ɗan'uwanta da sadakar wani ba. Ta sauka ta koma gida. Aka yi suna babu ita, kuma sunanta aka sa wa yarinyar.

Da labari ya iso ni na tafi Fezzan, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Maimakon in ba da haƙuri in yi shiru, sai na hau yi mata bayanin tsadar mai da taya. Ka ji wauta! Ta bar ni na gama tsaf. Sannan ta ce ta ji ni a rediyo, na iya magana, amma abu ɗaya ne ba ta gane ba, shin gwamnati ce ta cire kujerar Baba ko kasuwa. Yaya, haka na tashi na yi mata sallama na fito. Har gobe ban sauya ra'ayina kan tallafi da haraji ba, amma 'yancin da nake ta ihun a ba mai mota, da shi Baba ya kyautar da kujerarsa. Ni babu wanda ya tilasta ni, da bakina na cire ta.

Washegari na mayar da kujerar. Yau mako uku ke nan motar tana zuwa Potiskum babu kowa a kan kujerar, don labari ya zaga tasha, tsofaffi sun gwammace su jira wata. Gwaggo tana amsa gaisuwata, tana sa a kawo mini ruwa, amma Malam Mikail take ce mini yanzu, ita da ba ta taɓa kirana da komai ba sai ɗana.

Don Allah ka kira ta, kai tana jin maganarka. Kada ka kare ni, ban cancanta ba. Zainaba ta kusa yin arba'in, ina so in tuƙa Gwaggo da kaina ta je ta ga takwararta. Ka ce mata kujerar yayanta tana nan, ita take jira.

Mama tana gaishe ku, haka ma Ammatullahi da Ba'ana. Ka miƙa gaisuwata ga Anti Muhsinat da Umar Faruk. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe mini.

Ƙaninka mai kunyar haɗa ido da kai,
Mikail