Gurbin Yaya Sena a Gaban Dila

Litinin, 6 ga Mayu

Na iso Accra da la'asar, jikina duk ya yi tsami da motar Lome. Yaya Sena na kwance, ɗinkin aikin da aka yi mata a ciki bai kame ba, ko tari sai ta dafe. Ni na ɗauka jinya na zo, har na karɓi hutun sati uku a makaranta. Ashe gurbinta zan riƙe a kasuwar gwanjo. Shekara goma sha ɗaya tana cikin mata takwas masu zaɓin farko in mai kayan, Maame Konadu, ta fasa dila ranar Laraba da Asabar. Wadda ta yi fashi, ko ta tashi ba kaya, sau uku, an ba wata gurbin. Yaya ta riga ta ci ɗaya. Da wannan gurbin take ciyar da yara biyu.

Na ce, "Yaya, ni fa malamar 'yan aji biyu ce, ko ɗalibi ban taɓa mari ba." Ta ce, "To jibi za ki koya, Mawunyo."

Talata, 7 ga Mayu

Na zaga gari. Samarin nan ba su da hankali, rana na dukan ƙeya amma ga mutum cikin rigar sanyi mai gashi a wuya, yana taƙama, gumi na bin gemunsa. 'Yan matan kam sun iya, atamfa a sama, takalmin 'yan ƙwallo a ƙasa, kuma ya zauna. Na ci wake da shinkafa a ganye, da baƙin yajinsu. Ya fi namu, amma ba zan faɗa a gida ba.

Laraba, 8 ga Mayu

Wayyo Allah leɓena.

Gari na wayewa muka kewaye dilar. Maame ta yi addu'a, kowa ya ce amin kamar mutanen kirki, sannan ta yanke ƙarfen da ya ɗaure dilar. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Gwiwar hannu, farce, ƙafa a kan ƙafa. Na cafko wata doguwar riga shuɗiya, na ɗaga ina duba ɗinkin hammata yadda muke yi a gida. Wata ƙatuwa, Ataa Pokua, ta murɗe min ɗan yatsa har na ji ƙas, ta fizge rigar ta yafa a kafaɗa. Na ce tawa ce, ni na fara taɓawa. Ta kai min gwiwar hannu a baki, tana min gorin Faransancinmu na Togo.

"'Yar Faransa, nan ba kanti ba ne. Je ki karanta littafi."

Na tsaya ina tofar da jini, su kuwa suka wawushe komai. Maame ko kallona ba ta yi ba, cewa kawai ta yi, "Ki gaya wa Sena saura ɗaya." Wai Pokua ƙanwarta take nema wa gurbin.

Alhamis, 9 ga Mayu

Yaya ta zage ni tas tana dafe da ciki. "Sakarya! Wa ya ce miki ana dubawa? Abin da ke hannu na kowa ne, abin da ya hau kafaɗa shi ne naki." Ta sa na cire 'yan kunne, na yanke kitson da ya zubo, ta ce in shafe hannuwa da man kaɗe don kamu ya zame. Sai ta juya min kunnenta na hagu, wanda ya tsage. Shekara da shekaru tana ce wa mahaifiyarmu ƙofar mota ce.

Na tsani garin nan. Na tsani Pokuar nan.

Asabar, 11 ga Mayu

Na yi.

Ban duba komai ba, jifa kawai nake a kafaɗa. Pokua ta damƙi hannuna, ya zame. Ta koma ta shaƙe wuyan rigata ta baya. Ban san lokacin da na mayar da ƙeyata da ƙarfi ba, na dai ji taushin hanci. Jini ya tsinke mata, ya ɓata wata farar riga, Maame ta yi ta masifar rigar, ba ta hancin ba. Ban tsaya ba. Na taka yatsun wata, na ture wata ta faɗa kan buhu. Na tashi da kaya har kunne.

Bayan nan yunwa ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Dokunu biyu, tuwon masararsu mai tsami, soyayyen kifi, barkono, yajin na shiga tsagar leɓena ina ci. 

Lahadi, 12 ga Mayu

Coci. Na yi waƙa, ban je gaba karɓar jibin Ubangiji ba.

Laraba, 15 ga Mayu

Pokua ta tare ni a lungun masu guga bayan an tashi. Katakon rataye kaya ta kwaɗa min a gadon baya, sau biyu, ina ɗauke da kayan Yaya. Na sauke su a hankali kan tebur, wannan ne abin da ya fi ba ni mamaki, wai har na nemi wuri mai tsabta. Sannan na kama kanta na buga da ginshiƙi. Na sake. Wani tsoho mai guga yana ta "Ya isa, 'yata, ya isa," ban ji shi ba sai a na uku. Haƙorinta na gaba a ƙasa, cikin ruwan kwata. Ta zauna daɓas tana lalubensa, tana kuka kamar yarinya. Ta girme ni da kusan shekara ashirin.

Na ba Yaya labari. Ta ce, "Gurbi na ce ki riƙe min, ban ce ki kashe mutum ba. Da na haifi Edem, Pokua ce ta kawo min ruwan zafi."

To me take so in yi? Ita ta turo ni.

Asabar, 18 ga Mayu

Pokua ba ta zo ba. Da na matso, mata suka buɗa min hanya. Wata ta ce min "Anti".

Laraba, 22 ga Mayu

Yaya ta warware, yau har ta ɗebo ruwa da kanta. Tana ta murna wai Asabar za ta koma, ni kuma Lahadi in kama hanyar Lome. Ta soya min ayaba da citta don godiya, ta yi daɗi.

Na sayi takalmi. Na maza ne, baƙi, mai taurin goshi, ba irin wanda ake shiga aji da shi ba. Araha ne shi ya sa.

Da aka watse Maame Konadu ta ja ni gefe. Ta ce Sena ta yi sanyi tun kafin aikin nan, kaya na kwana a hannunta. "Gurbi ɗaya ne, ba zan raba biyu ba. Ke nake so ranar Asabar."

Ya kamata in tofa mata miyau. Na ce zan yi tunani, don girmanta kawai.

Ban faɗa wa Yaya ba, ba ta gama ƙarfi ba tukuna. Na dai buga wa shugabar makaranta na ce jikin Yaya ya sake tashi.