Hadarin da Ya Zo ta Baya

Litinin, 4 ga Agusta

Baba ya kira daga Damagaram. Idonsa sai ƙara rufewa yake, likita ya ce nan da ƙarshen shekara sai dai haske da duhu. Abu ɗaya yake so ya gani: hoton ruwan sama yana sauka a kan teku. Manomi ne, ya kasa yarda wai ana ruwa inda ba mai shuka. Ƙanena Alassane zai tafi gida ran 18, shi zai kai masa. Ni mai ɗaukar hoton biki da suna, ina ni ina teku?

Asabar, 9 ga Agusta

Awa uku da rabi daga gidanmu a Greensboro zuwa bakin tekun Wrightsville. Maigida Kader ya tuƙa, ya kuma naɗa kansa masanin hadari. Wai in fuskanci gabas, daga can ruwa ke tasowa, ko yaro ya sani. Na kafa kamara, muka zuba wa gabas ido. Gabas tas. Ashe hadari ta yamma ya haɗu, ba mu waiwaya ba sai da ya sauka a ƙeyarmu. Nan fa ba Damagaram ba ne.

Na kwashe kaya a guje, na ce mu tafi. Muna kan gada rana ta tsaga gajimare, ruwan ya gangara kan teku, daidai abin da Baba ya roƙa. A madubin mota na gani. Kamara na can baya cikin jaka, batir a cire.

Ban yi wa Kader magana ba har gida. Amma dai ni na ce a tafi.

Lahadi, 10 ga Agusta

Rairayi har cikin aljihun jaka. Mts.

Laraba, 13 ga Agusta

Ƙawata Yasmina ta ce in ciro ɗaya a intanet, ai Baba ba zai gane ba. Na yi mata faɗa sosai, don kuwa na riga ta yin wannan tunanin.

Asabar, 16 ga Agusta

Yau ko babu. Mun tashi bayan asuba. Ina fito da kamara daga sanyin mota gilashinta ya yi hazo, sai da na jira ya washe ina cizon yatsa. Sannan jiran hadari har la'asar, ni ina kallon teku, Kader na gadin yamma.

Ya zo. Na rufa wa kamara leda, muka raɓe a ƙarƙashin rumfa, iska na watso mana ruwa. Haƙorana na haɗuwa. Kader ya miƙo mini makullin mota, ya ce in na gaji mu tafi. Ban karɓa ba. Minti arba'in, sannan hasken ya faɗo, bai kai minti biyu ba. Na ɗauki bakwai. Ɗaya ya yi.

Alhamis, 21 ga Agusta

Alassane ya kira. Baba ya fita da hoton tsakar rana, ya kai shi dab da hancinsa, ya daɗe. Ya tambaya ko duhun nan shi ne ruwan, aka ce e. Ya ce ashe gaskiya ne. Da ya ji tun hantsi nake tsaye, sai ya yi dariya: "Hindou ce ta jira? Wadda ba ta jiran tuwo ya huce?"

Na ce a gaya masa Kader ne ya ɓoye makulli.

Jakar tana bakin ƙofa, batir a cikin kamara. Don dai kada ta tare wuri a ɗaki ne.