Buhun da Ya Rage a Shagonka

Baba,

Aminci ya tabbata a gare ka a inda kake kwance. Na san ba mai kai maka takardar nan, kuma ko da ranka ma ni ke karanta maka wasiƙu. Amma wata magana ta tsaya mini a wuya, ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Layinmu mai gangarawa bakin ruwa yana nan. Malam Bawa tela ya daina ganin kafar allura, amma bai daina kushe ɗinkin kowa ba. Mai gyaran fitila ya tashi, mai facin babur ya zauna a gurbinsa, don 'yan kabu-kabu sun cika Yelwa. Ranar kasuwa motocin albasa suna tare mana ƙofa kamar da, masu banda kuma suna cika mu da hayaƙin kifi. Sabulu da ashana suna ɗan tafiya.

Ka san abin da ya riƙe shagon nan ba ciniki ba ne, ajiya ce. Mutanen gungu, mazauna tsibiran cikin kogi, da na Warra in sun sauko daga kwale-kwale, wurinka suke barin filafilin tuƙi da ƙunshin kaya, wani ya dawo da yamma, wani sai bayan damina. Ba ka taɓa rubuta suna ba, da ƙulli kake gane mai kaya. Watan da ka rasu, sabuwar jiha ta ba ni takardar aiki a Birnin Kebbi. Ka riƙe hannuna ka ce kada in rufe shago sai kowa ya karɓi abinsa. Na ɗauka maganar mako biyu ce.

Kowa ya karɓa, Baba, sai buhu ɗaya a lungu. Shekara uku ina gadinsa. Abokaina sun tafi, suna zuwa hutu da takalma masu ƙyalli, ni kuwa ina auna kananzir. Takardar aikin ta mutu a aljihu. Na tambayi kowane mai jirgi, na aika saƙo har Shanga. Duk lokacin da na tambayi Inna, sai ta ce in yi haƙuri, mai kaya zai zo. Ba zan ɓoye maka ba, na ji haushinka. Sau biyu na yi niyyar jefa buhun a ruwa.

Jiya da hantsi na ci amanarka, na kwance shi. Birginka ne, ragar nan da kake jefa wa kifi, da dalmarsa, wanda ka ce ka sayar tun da ruwan Kainji ya cinye ƙauyenku. Akwai kwaɗo da makullin ɗakin da yanzu kifi ke kwana a ciki. An naɗe su duka a zanen saƙin Inna, wanda na sani tun ina goye.

Ashe mai kayan kai ne. Ashe Inna ta sani, ita da ke zuwa kowace Juma'a ta kakkaɓe masa ƙura da hannunta. Ta san ran da buhun nan ya fita, ni ma na fita, ta rage ita kaɗai a gida. Shawara kuka yi, Baba? Ko mantawa ka yi da naka? Me ya hana ku ce mini in zauna kawai? Kuna tsoron zan ƙi ne? Wallahi ban san amsar da zan ba ku ba a lokacin, wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Na mayar da komai, na ɗaure irin ƙullinka, na ajiye a lungunsa. Gobe Juma'a, Inna za ta zo. Zan tambaye ta kamar kullum, ta ce mai kaya zai zo, ni kuma in ce Allah ya kawo shi.

Allah ya haskaka kabarinka, ya yafe mana baki ɗaya.

Ɗanka mai gadin ajiya,
Hamisu