Damin Irin da Na Karɓo a Gwiwa

Zuwa ga Yaya Sule, a Jos.

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ina gajiyar aikin kuza, ya sanyin wurin? Ya Hauwa da yara? Inna tana gaishe ka. Tarin ya lafa, amma ta rame.

Ranar kasuwar Roni na je neman gero. Daga bakin kasuwa har rumfar mahauta buhunan gyaɗa ne suna jiran awon kamfani. Gero kwano biyu na gani, an kuma riga ni. Bana kowa gyaɗa ya shuka saboda haraji, ɗan geron da aka yi kuwa fara ta cinye.

Washegari na hau keke zuwa gonar Baba Audu a Gwiwa, inda mahaifinmu yakan sayi hatsi. Ya buɗe mini rumbu, ba komai sai dami ɗaya, irin baɗi. Ya jawo shi ya miƙo mini.

Na ce, "Baba, ai ba a cin iri."

Ya ce, "Ɗana, wa ya gaya maka zan kai baɗi? Kai wa Innarka."

Na karɓa, Yaya, ina sane da abin da nake yi. An sussuka, zai yi mana kunun sati biyu. Bayan nan ban san inda zan nufa ba, shi kuma in ruwa ya sauka ba shi da abin shukawa.

Kada ka dawo tukuna, baki ne kawai zai ƙaru. Ka gai da Kawu Isa. Ku sa mu a addu'a, ku fara da Baba Audu.

Ƙaninka,
Habu, Kazaure.