Mijina yana jiran ra'ayina kan faifansa

Anti, ki taimake ni da shawara. Mijina ya tambaye ni ra'ayina kan waƙoƙinsa, na duba cikina ban sami komai ba.

Malamin lissafi ne a sakandare, kuma shi ke kaɗa jita a cocinmu. Bara ya fitar da faifansa na farko, waƙoƙin yabon Ubangiji amma da kiɗan rok, mai jitar lantarki da gangunan da ke sa gilashin taga rawa. A ɗan ɗakin da ke jikin kicin ya haɗa shi, ya manna kwalayen ƙwai a bango wai su tare ƙara. Ba su tare komai ba. Ina wanke-wanke ina jin baiti ɗaya ana yi, a tsaya, a koma, a sake tsayawa a wuri ɗaya. Na san inda ya yi tari aka yanke. Na san waƙar da aka ɗauka ranar da autarmu ke zazzaɓi.

Da faifan ya hau intanet, ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauki ra'ayoyin masu sauraro ba. Kullum da safe sai ya turo mini waya kusa da kofin shayina, in karanta masa yana ɗaure takalmi. Mutanen coci suna cewa ya shigo da gidan rawa wurin sujada. Wata baiwar Allah ta rubuta cewa tana sa shi a addu'a, kamar wanda ke kwance a asibiti. Masu son rok kuma sun ce kiɗan ya yi, wa'azin ne ya yi yawa. Wani ya ba shi makin tauraro uku cikin biyar, ya ce biyu na mai ganga ne. Surukata ta ji rabin waƙa, ta tambaya ko rediyon ne ya lalace. Da farko nakan ji haushi har in yi musu da wayar. Yanzu yabo da zagi da murya ɗaya nake karanta su, kamar mai faɗin hasashen yanayi.

Ga inda magana take. Wata ƙungiyar makaɗa ta gayyace shi yawon wasanni na shekara guda, kuma in zai je dole sai ya ajiye koyarwa. Ya ce ya gaji da ra'ayin baƙi, nawa kawai yake so: in na ce waƙoƙin suna da kyau zai tafi, in na ce a'a zai rataye jitar. Na kunna faifan a falo, na zauna hannu a cinya. Ban ji daɗi ba, ban ji haushi ba. Kowace waƙa ta zo, abin da wani ya rubuta a kanta nake ji. Ni da na karanta adabi a jami'a, aka ba ni digiri don iya yin sharhi. Ina ƙaunarsa, ina jin dai. Me zan ce masa?

Matar mai jita

Ƙanwata,

Kunnenki lafiyarsa lau, gajiya ya yi. Wadda ta ji waƙa gunduwa-gunduwa ta bango, sannan aka sa ta haddace abin da jama'a suka ce a kanta, ba za ta zauna rana ɗaya ta ji ta sabuwa ba.

Mijinki ba mugu ba ne, tsoro yake ji, kuma ya yarda da ke. Sai dai ya fara ɓuya a bayanki, yanzu kuma yana so ki yanke masa hukuncin da nasa ne. Ke ma da naki: kin gaji tuntuni ba ki faɗa ba, don yi wa abin ba'a a zuci ya fi sauƙi.

Gobe in ya turo wayar, ki tura masa abarsa. Mai fitar da waƙa dole ya koyi jin abin da ake cewa. Sannan ki gaya masa gaskiya yadda kika gaya mini, ba da zolaya ba.

Tambaya biyu ya haɗa miki. Ko waƙoƙin suna da kyau, wannan ya kai wa makaɗin da ya girme shi a sana'ar, wanda ba ya cin abinci a gidanku. Ko gidan zai iya shekara ba tare da shi ba, wannan kina da ta cewa sosai. Wa zai kai yara makaranta? Makarantarsu za ta ba shi hutu maimakon ya ajiye aiki? Me ƙungiyar ta yarda ta sa wa hannu?

Kada ki ce suna da kyau don a zauna lafiya, kada ki ce a'a don ya zauna a gida. Duk wadda kika faɗa, ke za a tuna ranar da abu ya ɓaci. In kuma rashin jin nan ya wuce waƙa, ya shiga barcinki da wasan yaranki, ki ga likita, ba abin kunya ba ne.

Ya tafi ko ya zauna, bakinsa ne zai faɗa. Allah ya ba ki hutu, ya ba shi ƙarfin hali.